Kaneng a Sama, Ni a Cikin Alayyahu

Zuwa ga Kaneng, sanyin idona, hasken safiyata, tsattsewar Erdington, 'yar Baba Manasseh wadda tsoro bai san ƙofar ɗakinta ba,

Gaisuwa mai yawa, da ƙauna wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baba da Mama, da gwiwar nan taki ta hagu da kika ce mini ta daina ciwo, ko da yake ban gama yarda ba. Da gangan na ajiye waya na ɗauki biro. Abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon waya, kuma Turancin da nake wuni ina yi wa mutane a Manchester ba zai iya ɗaukarsa ba. Sai dai Hausar nan da muka taho da ita daga Jos, wadda muke faɗa da ita, muke dariya da ita.

Ya ke ruwan farko na damina a kan dutsen da rana ta gasa! Ya furen dankali a gonakin Bokkos! Ya ruwan Assop mai gangarowa yana waƙa ba tare da ya nemi izinin kowa ba! Da me zan kwatanta ki in ce na gama? In na ce wata, wata ba ya tsalle. In na ce barewa, barewa ba ta sa hular kwano. Ke dai ke ce, Kaneng, kuma tun da na san ki ƙafafuna ba su ƙara zama daidai a ƙasa ba.

Kin san irin aikina. Masu ba da hayar gidaje su miƙo mini makulli, in shiga flat ɗin da babu kowa a Salford ko Longsight, in ɗauki hoton kicin, in ɗauki banɗaki, in ɗauki taga. Bango ba ya motsi. Famfo ba ya ƙifta ido. Shekaru na yi a haka, har na soma zaton duniya ma haka take, abu ce da ke tsayawa cik ta jira ka gyara kyamara. Sai ranar bikin godiya na 'yan Filato a cocinku na Aston, ina tsaye ina ɗaukar hoton zumuntar mata, kika tsaya a gabana da faranti a hannu kika ce, "Kai ne Nyam mai kyamara? Ka iya ɗaukar abin da ke tashi sama?" Na ce, "Sosai ma." Ni a zatona tattabaru kike kiwo!

Asabar ɗin da ta biyo na shigo jirgin ƙasa na sauka tashar New Street, na hau bas zuwa gidanku, kika zagaya da ni bayan gida, na tsaya baki buɗe. Ana tsakiyar zafin Yuni, babu ɗigon ƙanƙara a duk faɗin Birmingham, ga ki nan rungume da snowboard, allon nan mai tsawo da ake ɗaure ƙafa biyu a kai a gangaro daga dutse kan dusar ƙanƙara. Da na tambaya ina dutsen, sai kika nuna mini. Kin jingina katakan pallet, irin waɗanda ake ɗora kaya a kai, da ɗakin ajiyar Baba, ɗaya kan ɗaya har sun kusa rufi. Daga can kin shimfiɗa falankin katako ya gangaro, kin lulluɓe shi da ciyawar roba, can ƙarshensa ya ɗaga kai kamar hancin kwalekwale. Gaba da shi tsofaffin katifu, har da wadda Mama ta ce a kanta kuka kwana shekarar da kuka sauka ƙasar nan. Kika ce, "Wannan shi ne ramp ɗina. Ni na buga kowace ƙusa." Kika faɗa kina ɗaga haɓa, kamar wadda ta gina gadar sama.

Wa zai manta ma'aikatanki? Mama Celestina, da zanenta ɗaure a ƙugu, tiyo a hannun dama, gorar sabulun wanke-wanke a hagu, tana jiƙa ciyawar don ta yi santsi, tana addu'a a bayyane: "Ubangiji, 'yar nan taka ce, ni dai ruwa nake zubawa." Baba kuwa ya kafa farar kujerarsa ta roba a bakin lambunsa, yana gadin alayyahu da kabewa, ya ce shi babu ruwansa da wasan mahaukata, amma duk wanda ya taka masa shuka zai gane kurensa.

Kika hau. Kika ɗaure ƙafa. Kika sako kanki. Wayyo ni, Kaneng! Na ji ƙarar allon kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, shuuu, sai na ga mutum a sama, sai na ji tim a kan katifa, ni kuwa yatsana ko motsi bai yi ba. Kika taso kina kaɗe ruwa kika ce, "Mu gani." Me zan nuna miki? A karo na biyu na samu gajimare. A na uku na samu igiyar shanyar maƙwabta da wandunan mai gidan. Da aka jima na samu takalmi guda a ƙuryar hoto, kika duba kika ce, "Wannan ƙafata ce ko bututun hayaƙin gidan maƙwabta?" Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa, Mama ta taya ki, tiyo ya kuɓuce mata ya wanke ni tun daga kai har ƙafa. Ban taɓa jin kunya mai daɗi irin ta ranar ba.

Ke kika koya mini. Kika ce, "Nyam, kada ka jira sai ka gan ni a sama, lokacin ka makara. Ka saurari allon. Da zarar ya yi shiru, na tashi." Haka na riƙa yi. Na koyi sauraro, ni da a da ido kawai na sani. Kuma a cikin wannan ɗan shirun, tsakanin barin katako da taɓa katifa, nan zuciyata take tsayawa ita ma, ta jira ki sauko kafin ta ci gaba da aikinta.

Daga nan Asabar ta zama tawa da ke. Na haddace hanyar jirgin nan kamar hanyar Bukuru: Stockport, Stoke, Stafford, Wolverhampton, kowace tasha tana ce mini saura kaɗan. Na ga kin faɗi ta baya, na ga kin faɗi ta gefe, na ga ranar da kika wuce katifun gaba ɗaya kika rungumi shinge. Kowane karo sai ki tashi, ki zo ki leƙa bayan kyamarata, numfashinki a kan kafaɗata, ƙanshin sabulun lemo da jiƙaƙƙiyar roba suna tashi daga jikinki, ki ce, "Ka gani? Kafaɗata ta riga ƙuguna juyawa. Mu sake." Ke kina neman kuskurenki a hoton, ni kuwa na duba na sake dubawa ban ga kuskure ko ɗaya ba. Wace irin mace ce wannan, da za ta wuni a kantin magani tana yi wa tsofaffi bayanin ƙwaya cikin sanyin murya, ta dawo gida ta hau saman pallet ta zama shaho?

Sai wata rana muna shan gwaten da Mama ta dafa, kika faɗa mini dalilin hotunan. Akwai horon masu koyar da snowboard a duwatsun Scotland, bai kai damina tsawo ba amma ya cinye lokacin sanyi kaf, kuma suna so mai nema ya aika da hotuna da bidiyon abin da ya iya. Kika ce, "In hotunan sun yi kyau, ina da chance." Cokalina ya tsaya a hanya. Nan take na gane inda na sa kaina: iya kyan hotona, iya nisan da za ki yi mini. Na ajiye cokalin na ce Allah ya ba da sa'a, kuma har cikin raina na faɗa, sai dai raina ya rabu biyu yana faɗar.

Kin tuna yammacin nan na Agusta? An yi yayyafi ya ɗauke, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, komai ya koma ruwan zinariya. Na zagaya lambun ina neman inda zan ɗauko ki daga ƙasa don a ga tsayin tashinki, ban samu ba sai wuri guda. Na kwanta rigingine a tsakiyar alayyahun Baba. Ya miƙe zumbur ya ce, "Kai, Nyam! Miyar gidan nan kake kwance a kai!" Amma kin riga kin sako kai. Allon ya yi ƙara, ya yi shiru, na danna.

Ya Allah mai halitta! Ga ki can sama da shinge, sama da rufin maƙwabta, gwiwoyi a naɗe, hannu ɗaya riƙe da gefen allo, ɗayan a miƙe kamar reshe. Kitsonki ya fito ta ƙarƙashin hula yana bin iska. Ɗigon ruwa sun watsu kewaye da ke, rana ta shiga cikinsu ta ɗaura miki bakan gizo a ƙugu. A ƙasa can ga Mama, baki buɗe, tiyo yana zuba a kan silifas ɗinta ba ta sani ba. Kika sauka tsaye, daram, kamar duwatsun Riyom. Baba, mai gadin lambu, wanda ya ce babu ruwansa, shi ya fara ihu: "'Yata ce! 'Yata ce wannan!" Yana tafi yana taka alayyahun da ni ban kai ga murƙushewa ba.

A jirgin komawa na ɗora kyamarar a cinya ina kallon hoton. Na san shi ne zai ɗauke ki. Na kalle shi har idona ya yi ruwa, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini tishu tana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na nuna mata ke. Ta gyara tabarau ta ce irin wannan yarinya ba a tare mata hanya. Kafin mu kai Stafford na tura miki shi.

To, ga shi sun ɗauke ki! Da kika kira ni makon jiya kina ihu, ina cikin wani flat da babu ko labule, na yi rawa ni kaɗai, muryata tana dukan bango tana dawowa. Barka, Kaneng, barka, barka! Ki je ki nuna musu abin da 'yar Filato ta koya a kan ciyawar roba da sabulun wanke-wanke. Amma zan ɓoye miki? Da na gama rawar na tuna Asabar. Me zan yi da Asabar? Wa zai ce mini mu sake? Ina zan kai kunnen nan da ya saba jiran shirun allonki?

Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar da na dawo da sabon iri don in gyara wa Baba lambunsa, kina wurin aiki, muna durƙushe muna shuka, ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, "Ɗana, duk Asabar tun daga Manchester, hoto ne kawai?" Na ci gaba da tura iri cikin ƙasa. Ya ce, "In da magana, ka turo manyanka. Amma ka fara tambayar mai allon, don ni tun tana rarrafe ban taɓa iya tsayar da ita ba."

Shi ya sa nake tambayar mai allon. Ba na roƙon ki zauna, Allah ya kiyaye. Roƙona guda ne: ki ba ni izini in turo Kawu Jabez daga Ladywood, shi da dattawan cocinmu, su zo su gaida Baba kafin ki tafi. Ki hau dutsen da sanin cewa akwai mai jiranki da sunan aure, ba da sunan mai hoto ba. Na yi miki alkawari ba zan taɓa ce miki ki sauko don hankalina ya kwanta ba. Duk gidan da Ubangiji ya ba mu, a Manchester ne ko a Birmingham, zan fara auna bayansa kafin in duba ɗakunansa. Zan riƙe miki ƙusa, zan ɗauki katifa, zan karɓi tiyo daga hannun Mama ta huta. In kin faɗi ina nan, in kin tashi ina nan, ya ke zumar Pankshin, ya inuwata, ya farin cikin idona!

Kuma don kada ki ce baki ne kawai, bari in faɗa miki a wane hali nake rubutun nan. Jiya na je gidan dusar ƙanƙarar nan na cikin rufi da ke nan Manchester, na ce a koya mini. Suka ɗaure mini ƙafa a allo, suka sa ni layi ɗaya da 'yan firamare. Kaneng, babu ɓangaren jikina da bai gaisa da ƙasa ba, amma akwai ɓangare guda da ya fi kowanne yawan gaisuwa. Wannan takarda, tun daga sunanki har zuwa nan, a tsaye na rubuta ta, jingine da kantar kicin, don kujera ta gagare ni. Kuma na riga na sa sunana a darasin mako mai zuwa. Watan Janairu zan zo dutsenki, in shiga ajinki, in tsaya a sahun baya. Ki yi mini a hankali, malama.

Ki amsa mini, ko da kalma ɗaya ce. Kawu ya riga ya kai babbar rigarsa wanki.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, a zafi da sanyi, har ranar da numfashi zai ƙare,

Nyam