Motar Makarantarku Ta Sauke 'Yata a Gidan da Ba Namu Ba

Zuwa ga mai girma mamallakin makarantar firamaren da 'yata take karatu, a nan Maiduguri.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Saratu, sakatariya ce ni a ofishin majami'armu, muna zaune a Umarari. Ni ce mahaifiyar Hauwa Musa ta aji ɗaya. Na zo ofishinka don mu yi wannan magana ƙofa a rufe, aka ce min ka tafi Abuja. Na sake dawowa, aka ce in ga hedimasta. Hedimasta ya tura ni wurin sakatariyarku, ita kuma ta ce wannan magana ta fi ƙarfinta. To, tunda a makarantar babu mai amsa laifi, na rubuta a fili, ban ambaci sunan makarantar ba don ba tozarci nake nema ba.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. A farkon zangon nan kun ce kowane uba ya sauke manhajar makaranta a wayarsa, wai za ta riƙa nuna mana lokacin da yaro ya hau mota da lokacin da aka sauke shi. Mun yi murna. Ranar Talatar makon jiya na dawo daga aiki, wayata ta nuna an sauke Hauwa a gida. Na shiga ɗaki, babu Hauwa. Na leƙa maƙwabta, ba wanda ya gan ta. Na kira makaranta, sakatariya ta ce min, "Madam, ai ga shi nan ya nuna kore, tana gida." Na ce ina tsaye a tsakar gidan, ko manhajar ta fi idona gani ne? Ta ce in ƙara dubawa da kyau.

Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da ake nufi a ce yaro ya ɓata a Maiduguri. Ba sai na tuna maka abin da muka gani a shekarun baya ba. Mijina ya baro wurin aikinsa, muka shiga Keke Napep muna bin layi-layi. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dushe.

Ashe Hauwa Musa biyu ce a ajin. Ɗayar 'yar wani dillalin shanu ce, Alhaji Musa, wanda ya tashi daga kusa da Kasuwar Shanu ya koma Bulabulin a makon da abin ya faru. Ya kira ya ce a canza masa adireshi. Sakatariya ta buga suna, manhaja ta fito da Hauwa guda, ta goge adireshinmu da lambar wayata ta sa nasa. Shi kenan, 'yata ta zama 'yar Bulabulin. Tasa 'yar kuwa aka kai ta tsohon gidansu da suka bari, Allah ya sa maƙwabta suka gane ta.

Matar Alhajin, Ya Falmata, ita ta karɓi tawa daga hannun wata tsohuwa a ƙofar gida. Ga ta da fargabar tata 'yar, amma ta wanke wa tawa fuska, ta ba ta abinci, ta lallashe ta har ta faɗi sunan unguwarmu da majami'armu. Ta kira makaranta ta ce a nemo uwar yarinya. Mutanenka suka duba manhaja, suka kira lambar da ke ciki, wayar mijinta ta yi ƙara. Dab da magariba Alhaji da kansa ya ɗauko Hauwa yana tambaya har ya iso mu. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri. Daga makarantarka kuwa ko "sannu" ba a aiko min ba.

Na biyu, maganar direba. Washegari aka kori Baa Modu, aka rubuto mana cewa "an ɗauki mataki". Na je na same shi a gidansa, don da farko ni ma shi nake jin haushi. Dattijon nan bai taɓa bin layinmu ba sai ranar. Da safe, bayan an kai yara makaranta, mai ɗakinka ta janye direbanmu na kullum ta aike shi wata hidima, ta ce Baa Modu ya riƙe. Hedimasta bai san an yi canjin ba. Da Hauwa ta fashe da kuka ta ce nan ba gidansu ba ne, ya tsaya ya kira hedimasta, aka ce ya kira sakatariya. Ya kira ta, ta ce, "Baba, abin da waya ta nuna shi za ka bi, kada ka kawo mana naka." Ya ce min, "'Yata, da na bi zuciyata da na dawo da ita makaranta. Amma an sha gaya mana wanda ya saɓa wa waya zai bar aiki." Ya bi waya, ya bar aikin. Ranka ya daɗe, wannan wane irin hukunci ne? An bar jaki ana dukan taiki.

Na uku, ita manhajar. Na nemi saurayin da ya haɗa muku ita, Injiniya Bukar, kuma bai ɓoye min komai ba. Ya ce tun farko ya so kowane ɗalibi ya samu lambarsa ta kansa, wadda ba ta kama da ta kowa, domin a garin da Modu da Falmata da Hauwa suka cika kowane aji ba a dogara da suna. Aka ce masa babu lokaci, ana so a nuna wa iyaye kafin a koma hutu. Ya so a raba iko: mai karɓar kuɗin makaranta ya ga nasa ɓangaren kawai, mai kula da mota nasa, kuma duk wanda ya canza wani abu sunansa ya fito. Aka ce wannan wahala ce, a yi kalmar sirri guda kowa ya riƙe. Daga nan kai ka kira shi ka ce ya ƙara sakamakon jarrabawa, Hajiya mai ɗakinka ta kira ta ce ya ƙara odar yunifom, hedimasta ya ce a cire abin da Hajiya ta sa. Ya ce yanzu ta zama kamar gidan da aka yi ta liƙa wa ɗakuna ba tare da harsashi ba, in ka taɓa bangon kicin sai na banɗaki ya tsage. Shi kansa tsoron taɓa ta yake yi.

Ni ban karanci kwamfuta ba, amma da na saurare shi sai na ga ai makarantar ce yake kwatanta min. Direba yana karɓar umarni daga mutum uku. Sakatariya ita ce mai karɓar baƙi, ita ce mai rajista, ita ce mai amsa waya, kuma ba a taɓa zaunar da ita an koya mata manhajar ba. Kowa yana da ikon canza komai, amma ranar da abu ya lalace ba na kowa ba ne. Yadda kuka bar gidanku haka kuka zuba shi cikin waya, sai dai ita waya ba ta san fuskar yaro ba, ba ta kuma jin kukansa.

Ga abin da nake roƙo. A mayar da Baa Modu bakin aikinsa, a ba shi haƙuri a gaban waɗanda aka kore shi a gabansu. A naɗa mutum ɗaya mai kula da motoci, a ba iyaye sunansa da lambarsa, kuma in ba shi ba kada kowa ya canza direba, ko da daga gidanka ne. A bar Injiniya ya sake ginin manhajar daga tushe yadda ya tsara tun farko, ko da za a rufe ta zango guda. Mun yi shekaru babu ita, yaranmu suna dawowa. Kada a sake canza adireshin yaro sai an kira lambar da ke ciki tun asali an tabbatar. Sannan a gaya wa kowane direba da babbar murya: in yaro ya ce nan ba gidansu ba ne, a dawo da shi makaranta, ba wanda za a kora saboda haka.

Kada a ce min an riga an gyara. Yau Hauwa ta tashi da zazzaɓi, ban kai ta ko'ina ba, tana kwance kusa da ni ina wannan rubutu. Ɗazu wayar mahaifinta ta yi ƙara, saƙo ne daga makarantarka: "Hauwa Musa ta iso aji lafiya."

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya ƙara wa makarantar albarka, ya tsare mana yaranmu a fitarsu da dawowarsu.

Wassalam.

Saratu, mahaifiyar Hauwa Musa ta Umarari.