Motar da Na Lulluɓe da Tamfol

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ƙorafin sitiyarin mutane.

Na daɗe ina jin wai jif mai haɗa fetur da batir zama ke kashe ta, ba tafiya ba. Na ce zancen tasha ne. Na lulluɓe tawa da tamfol, na taho da makulli nan inda nake aikin direba, don in dawo in same ta sabuwa. Yanzu da na aiko maka makullin, ka ce babban batirin ya mutu murus. Gumin shekaruna ke nan, ya zama inuwar kaji.

Allah ya yi maka albarka, kada ka gaya wa uwar yarana tukuna. Ita ce ta ƙarshe da ta faɗa min zama zai kashe motar, ranar da na hana ta makullin.

Yayanka