Manaja Ya Hana Ni Zama a Bakin Aiki

Anti Loretta, ki taimake ni kafin zuciya ta ɗebe ni.

Tun yarana suna firamare nake aikin karɓar kuɗi a wani kanti a nan birnin Toledo. Kin dai san aikin, tsayuwa ce daga buɗewa har tashi, sai ka ce zama laifi ne. Bara gwiwata ta fara kumbura, na ɗauko doguwar kujerar kicin ɗina na ajiye a bayan teburin karɓar kuɗi. Masu sayayya ba wanda ya ce uffan, layina ma ya fi na kowa sauri. Sai ga sabon manaja, Colby, wanda na girmi uwarsa, wai zama alamar lalaci ce. Ya kai kujerar sito, na ɗauko. Ya sake kaiwa, na sake ɗaukowa, na daka masa tsawa a gaban mutane, na ce in ya isa ya zo ya ɗaga ni. Yanzu ya ba ni gargaɗi a rubuce, saura kora. In aikin ya tafi, inshorar lafiyar da kantin ke biya mini ta bi shi, ga tiyatar gwiwa tana jirana. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma na rantse ba zan tashi ba.

Mai Kumburarriyar Gwiwa

'Yar'uwa, zauna abinki, amma da dabara. Gaskiyarki ce, hanyar ce kika ɓata. A jiharku ana iya sallamar ma'aikaci ba dogon bayani, kuma tsawar nan sanda ce kika miƙa wa Colby da hannunki. Abin da doka ta hana kantin shi ne ƙin sauƙaƙa wa mai lalura irin taki in sauƙin bai gurgunta aiki ba, ko korar ta don ta nema. Ke kuwa har yau ba ki nema ba, kokawa kike yi.

Ki karɓo takardar likita, ki kai buƙatarki a rubuce ofishin kula da ma'aikata, ki riƙe kwafi. Suna da ikon neman ƙarin bayani, ko su zaɓa miki wata kujerar, kada ki ce sai taki. In sun ƙi, ki nufi hukumar hana wariya a wurin aiki.

Ki ba Colby haƙuri kan tsawar, amma ba ki da wanda za ki ba haƙuri don gwiwarki ta gaji. Allah ya ba ki lafiya.