Tanko Mai Hayaƙi Ya Faɗo Hannuna, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Hajara, wadda ke kwance a maƙabartar Cadakori.

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwarta, da fatan kabarinki na da haske, ina sanar da ke cewa bana ma damina ta ƙi mu, kamar shekarar da kika tafi. Gero ya bushe tun yana gwiwa, mutanen ƙauye sun cika Gidan Rumji. Amma ba yunwa ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tanko Mai Hayaƙi ne ya faɗo hannuna.

Kin tuna lokacin da rumbu ya ƙare, muna tonon gidan tururuwa muna sheƙe ƴar ƙwayar da suka tara. Tsakuwar cikin tuwon nan ce ta fasa miki turmin haƙorinki na hagu, ke da asuwaki ba ya barin bakinki. Kika danna kanumfari, kika danna garin taba, kika koma kanwa. Wata biyu kina tauna da gefe ɗaya, ba wanda ya ce a je a duba. Wa ke ta haƙori alhali babu abin taunawa?

Da kunci ya kumbura, ƙanenki Kawu Sale ya samo miki wuri a kamyon da ya sauke dawar taimako zai koma Maraɗi, a kai ki likita. Ni na hana. Ni, Inna, da bakina. Na ga Tanko mai guntun yatsa a kasuwa yana fidda wa mutane tsutsar haƙori, na ce ga magani a ƙofar gida, me za a je yi Maraɗi?

Ya gasa katangar fasasshiyar tukunya a wuta, ya ɗora wasu ƙwayoyi cikin kitse, ya kifa ƙoƙo mai bututu. Kika kafa baki kina shaƙar hayaƙin, hawaye na zuba. Sai ga fararen abubuwa sun faɗo cikin ƙwaryar ruwa. Har guɗa na yi! Ya ce, "Baiwar Allah, ciwo ya fita. Kada ki bari lokotoron likita ya taɓa wurin, zai ɓata aiki." Ya naɗe zanen saƙinki a bakin ladansa ya sa a jaka, kamyo kuma ya tafi ba ke.

Kumburin ya gangara wuya. Baki ya ƙi buɗuwa, da tsinke nake ɗiga miki ruwa ta tsakanin haƙora. Rana ta tara kika cika. Masu gaisuwa suka ce yunwa ce, amma na san ba ita ba ce.

Yanzu a likitar Gidan Rumji nake aiki, ina wankin ciwo, ina tafasa allura. Nan na ji daga bakin lokotoro cewa babu wata tsutsa a haƙori. Kogo ne ke ci a hankali, kuma in an gan shi da wuri, cikewa ake yi ko a cire, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Tun ranar, duk bayan kaka sai na je Maraɗi na buɗe wa mai duba haƙori baki, ko ba abin da ke mini ciwo. Matan unguwa na yi mini dariya, wai Rabi mai kai lafiyayyen baki likita. Su yi ta yi.

Makon jiya aka shigo da wani tsoho a amalanken jaki, fuska ta haye har ido ya rufe. Ta guntun yatsansa na gane shi. Na durƙusa daidai kunnensa na ce, "Baba, ina hayaƙin naka?" Ya ce ta cikin haƙora, "Ɗiyata, ai wannan na kasuwa ne."

Ashe ya sani! Tun farko ya sani, la'ananne. Na faɗa masa sunanki, da garinmu, da launin zanen. Ya ce, "Wace ce? Suna da yawa."

Wallahi, Inna, allurar na hannuna, zuciyata ta ce in ajiye ta in bar shi a rana ya ɗanɗani kwana tara. Amma na soka masa. Na kuma tsaya har aka sa shi mota aka je aka cire ruɓaɓɓen haƙorin. Kada ki ɗauka tausayi ne, gawa ce ba ta iya magana a kasuwa, ni kuwa bakinsa nake so.

Da ya dawo na ce ya zaɓa, ko in kai shi jandarma ko ya bi ni kasuwar Cadakori. Ranar kasuwa na tsayar da shi a inda ya saba zama, na sa ya kunna wutarsa ba tare da bakin kowa a kan bututun ba. Ƙwayoyin nan nasa, ashe ƴaƴan gautan kura ne, suka fashe, fararen zarurrukansu suka zubo cikin ruwa, ga tsutsa ba haƙori. Wata tsohuwa ta matso ta tofa masa yawu, ta ce mijinta ma haka ya tafi. Na ce da jama'a su riƙe asuwaki, su kurkure baki bayan ci, kuma babba ya kai bakinsa a duba tun bai kumbura ba. Saura kasuwannin Sae Sabuwa da Tibiri. Duk kasuwar da ya taɓa ci da hayaƙin nan, sai ya koma ya tona kansa.

A hanyar dawowa ya kama ƙafata yana kuka, wai in yafe masa don Allah, ya tsufa, yana tsoron kabari. Na ce ba ni ya kashe ba.

Shi ya sa na rubuto, Innata. Na san halinki. Ke ce mai ba wanda ya zage ki fura, mai cewa a bar wa Allah tun ba a gama ba ki haƙuri ba. In ya riga ni zuwa, ya neme ki da wannan kukan, kada ki yafe. Ki jira ni in iso, mu tsaya gaban Ubangiji mu uku, in faɗi nasa, in faɗi nawa, sannan ki yi yadda kika ga dama da mu.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara. Allah ya ba mu damina. Shi kuwa Tanko, Allah ya ja kwanansa har mu gama kasuwannin.

Ɗiyarki,
Rabi