Faifan Jidda Da Ya Ƙi Buɗewa A Gaban Inna

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu sayar da kayan lantarki na kasuwarmu, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Gwadangaji, asalina Argungu. Ban saba kai ƙara ba, wallahi ko wagga takarda sai da na yi ta ɗauka ina ajiyewa, domin abin da zan faɗa ni ya fara tona wa asiri kafin kowa. Ba zan kama sunan mai shagon da nake kuka da shi ba. Abokin mahaifina ne, Allah shi jiƙan mahaifina, kuma Baba nake ce masa.

Na ɗaya, ga yadda abin ya faro. Ina da ƙane, Umaru, tela ne a Jidda. Ya daɗe can har ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu, kuma mahaifiyarmu, Inna, ba ta taɓa ɗora ido a kansu ba. Da alhazan bana za su dawo, sai ya ba wani maƙwabcinmu saƙon faifan DVD: ga shi, ga matarsa, ga yaran suna gaishe da kakarsu. Inna tana Argungu, ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa ƙofar gida, balle shiga mota. Don haka na ce ni zan sayi na'urar in kai mata har ɗaki. Na sayar da shinkafar da na noma a Zauro, na nufi kasuwa.

Na biyu, ranar ciniki. Baba ya nuna mini iri uku, na zaɓi mai sauƙin kuɗi, domin iya ƙarfina ke nan. A jikin kwalin an jera tambura birjik, ya ce ai wannan babu faifan da ba ta ci. Ya sa wani faifan wa'azi na shagonsa, hoto ya fito tas, murya garau. Alhaji, faifan Umaru yana cikin aljihun rigata a lokacin. Hannuna ya kai kansa. Amma yaya zan zaro shi in ce a gwada, bayan dattijo ya riga ya ba ni magana? Ai kamar na ce masa ban yarda da kai ba ke nan, mutumin da ya riƙe makarar ubana. Na zare hannuna, na yi godiya, na ɗaure kwali a bayan babur. Kai ma ka san halinmu: mukan cuci kanmu don kada a ce ba mu da kunya.

Na uku, abin da ya faru a Argungu, kuma nan ne zuciyata take. Ni da bakina na aika a gaya wa dangi. Ranar Asabar bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika: gwaggonnina, matan maƙwabta, har surukar ƙanwarmu da ta taso tun daga Ambursa. Aka aro janareta, aka fito da talabijin aka ɗora a kan turmi. Inna ta sa aka dama fura, ta ɗaura zanen da ba ta fitowa da shi sai da salla, aka tallafo ta aka zaunar a gaba. Ni kuwa ana ta Malam kaza, Malam kaza, ga ɗan boko ya zo da abin zamani.

Na sa faifai. Na'ura ta yi ta ƙugi, ta yi ta juyi, can sai ta rubuto cewa babu faifai a ciki. Babu faifai! Alhali da hannuna na sa shi. Na fitar, na goge da gefen riga, na hura masa iska, na mayar. Haka. Na kashe, na kunna, na danna duk abin da ke jikin rimot. Wata gwaggona ta ce ko dai juye shi zan yi, kuma don ruɗewa na juya ɗin. Matan nan ba wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Sai suka shiga ba ni haƙuri ɗaya bayan ɗaya, suna zamewa, har aka kira magariba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage in shige.

Na huɗu, abin da na gano daga baya, wanda ya kamata a ce tun a shago na ji shi. Wani mai gyara ya bayyana mini cewa faifan DVD ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kamfani, akwai wanda mutum ya ɗora da kwamfuta kamar na Umaru, akwai kuma wanda aka ƙulle don wani yankin duniya kawai. Ita ma na'urar akwai karatun da kamfani ya zuba mata a ciki, wanda suke ce wa sofwaya, kuma abin da ba a koya mata ba, ba za ta karanta ba ko za a kwana ana dannawa. Ya ce wasu akan sabunta musu karatun da wani faifai na musamman daga kamfanin, amma tawa ko sunan kamfani na gaskiya ba ta da shi, tamburan kwalin kuwa ado ne kawai. Na ari na'urorin abokan aikina guda biyu, ashe duk uwa ɗaya uba ɗaya suke da tawa. A wani shagon kwamfuta ne faifan ya buɗe, su kuma ba su da abin juya shi zuwa wani faifan. Na zauna ni kaɗai na kalli 'ya'yan ƙanena suna ɗaga hannu suna kiran Inna. Har yau ban iya gaya mata na gani ba.

Na koma wurin Baba da niyyar magana. Ya tare ni da fara'a, ya tambayi jikin Inna, ya ce ya na'ura? Na ce lafiya lau. Ka ji fa, Alhaji. Lafiya lau na ce.

Ban ce ya cuce ni da gangan ba, na fi zaton shi ma abin da aka gaya masa a Legas, inda yake saro kaya, ya maimaita. Amma wanda ya zauna a shago yana cewa “tana cin komai” ya ɗauki amana, kuma mu masu ƙaramin ƙarfi mu ne muke kwasar araha. An ce araha ba ta ado, na yarda, to amma ai ba a ce ta kunyata mutum a gaban uwarsa ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka umarci 'yan ƙungiyarka su riƙa tambayar mai saye da bakinsu ko ya zo da faifansa a gwada, domin irina ba za su taɓa fara faɗa ba. Su daina sayar da na'ura da tamburan kwali, su san wadda ke karanta faifan kwamfuta da na ƙasashen waje, da wadda ake iya sabunta mata karatu, su faɗi gaskiya ko da ciniki zai tashi.

Na ukun nawa ne ni kaɗai. Ranar Juma'ar da ta wuce ina Argungu Umaru ya bugo waya, na miƙa wa Inna. Ni ɗan fari ne, alkunya ba ta taɓa barin ta ta kama sunana ba, balle ta tsaya mini a gaban mutane. Amma da ya tambaye ta ko ta ga yaran, sai na ji ta ce: “Na gane su, Umaru, Allah shi raya. Yayanka ya yi ƙoƙari.” Tsohuwar da tun tasowata ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ta yi ta don ta rufa mini asiri. Na fita bayan gida na yi kuka, da gemuna.

Ba kuɗina nake nema ba, Alhaji. A cikin shagunanku a samu na'ura ɗaya da za ta buɗe faifan nan, a ba ni aro na yini guda, in kai Argungu in dawo da ita da hannuna. Umaru zai sake bugowa, kuma ina so kafin nan maganar da Inna ta faɗa ta zama gaskiya.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi sa albarka a kasuwarku, shi rufa maka asiri a gaban iyayenka da 'ya'yanka.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare, Gwadangaji.