Citta Ta Bushe, Fuskata Ta Ƙone

Anti Milka, don Allah ki taimake ni, fuskata tana nema ta gagare ni.

Ni 'yar kasuwa ce a Kafanchan. Busasshiyar citta nake sara a ƙauyukan Jaba, in sayar wa masu manyan motoci. Sana'ar nan sai da dabara. In kika sauka kasuwar ƙauye da lema a hannu, tabarau a ido, manomi zai ce wakiliyar 'yan Legas ta iso, buhun da ya yi niyyar saki da safe sai ya haye kansa ya zauna. Shi ya sa nake zuwa da tsohon zani da silifas, in tsaya tsakiyar rana ina zufa kamar kowa, ina karya citta, ina shinshinawa, ina kushewa. Ko inuwar mangwaro ba na shiga, wurin dillalai ne.

To, akwai wani mai da ƙawata Edna, mai shagon kayan kwalliya, take haɗa mini. Ba bilicin ba ne, Anti, kar ma ki fara. Wanke fata kawai yake yi. Da damina lafiya lau, har tambayata ake me nake ci. Bazarar nan na shigowa sai kumatuna suka yi ja, suka koma baƙi ƙirin, ga raɗaɗi kamar an watsa mini barkono. Edna ta ce datti ne ke fita, in ƙara shafawa. Na ƙara. Ƙanwar mijina ta ce lemun tsami, na goga kafin in hau mashin, ranar na ga tashin hankali. Shi kuwa maigidan, Gershon, da ya kamata ya tausaya, cewa ya yi na zama doyar da aka gasa gefe ɗaya.

Ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Lahadin da ta wuce na laɓe a baya wajen masu buga tulu, na ce mura nake yi, don hoda ba ta rufe abin, zufa na zuwa take tona ni. Na gaji! In na ɗauki lema kasuwa ta lalace, in ban ɗauka ba fuska ta tafi. Wane mai zan saya ya goge wannan baƙin da sauri? Kar dai ki ce in zauna a gida.

Taki,
Mai Citta, Kafanchan

*

'Yar'uwa Mai Citta,

Ba zan ce ki zauna a gida ba. Sana'arki ce, kuma kin fi ni sanin halin manomi. Amma kin hana ni farawa, ni kuwa sai na fara. Man da ba shi da suna a jikin kwalba, yana sa ki haske, ya bar ki ba ki iya jure rana, bilicin ne, ko da wane suna Edna ta raɗa masa. Irinsa yana sa fata ta yi sirara. Kin cire wa fuskarki riga, kin kai ta shanya tare da citta.

Babu man da zai goge baƙin nan da sauri, duk wanda ya ce yana da shi wata ƙunar zai sayar miki. Ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita a makon nan. Wasu haɗe-haɗen in an yanke su farat ɗaya fata kan yi bore, shi zai nuna miki yadda za ki rabu da shi. Lemun tsami kuwa, a rana ƙona fata yake yi, ki bar shi a kicin.

Ki wanke fuska da sabulu mai laushi, ban da dirza. Ki nemi man kariyar rana a kemis, mai lamba talatin ko sama, ki shafa kafin ki fita, ki sake in zufa ta wanke shi. Ba ya sheƙi, ba manomin da zai gane. Man kaɗanya yana tausasa fata, amma ba ya tare rana.

Batun lema na yarda da ke. Sai dai ban taɓa jin wanda ya ga mace da tsohuwar malfar kaba ya ce daga Legas take ba. Ki samo wadda ta sha gona, mai faɗin baki, ki sa riga mai dogon hannu, ki yi sammako ki gama ciniki kafin rana ta take.

Tabon zai ɗauki watanni, wataƙila ma wani ya zauna. In kika ci gaba da man nan, zaman zai tabbata. Ki koma gaba ki ba da waƙarki da fuskar da kike da ita yanzu, a cikin matan nan akwai masu irin kwalbarki a ɗaki, gara su gani. Ubangiji ya ba ki lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Anti Milka