Littafin Baba Yowabu

Kampala, 4 ga Maris

Mama,

Shalom. Ina gaishe ki da ladabi, matata Agnes ma tana gaisuwa. Kawu ya ce kin shiga kwalejin nazarin addininmu na Yahudanci da ke bayan kasuwar Mbale, karatun shekara biyu. Da gaske ne? Shekararki hamsin da takwas fa. Wa zai kula da gonar kofi? Ko so kike ki zama rabbi, limamin majami'armu?

Ɗanki,
Eliyabu

Mbale, 20 ga Maris

Eliyabu,

Shalom. Kofi ya san hanyar nuna ba sai na tsaya a kansa ba. Mu tara ne a aji, sauran duk kamar jikokina, suna ce mini Amaryar Boko. Rabbi kuma ya ishe mu guda.

Ga dalili. Bayan rasuwar babanka na sami littafi cikin akwatinsa, cike da rubutun hannunsa da haruffan Ibrananci. Shekara talatin da huɗu muna tare ban san da shi ba. Ba zan kai wa wani ya karanta mini mijina ba. Ka gaida matarka.

Mahaifiyarka,
Dabora Logose

Kampala, 9 ga Nuwamba

Mama,

Barka da cin jarrabawar farko. Addu'o'i ne kawai za ki tarar a littafin Baba. Mutumin da ya daina yi mini magana don na auri Kirista, me zai rubuta ban da addu'a? Amma dai, me kika gani? A huta lafiya.

Eliyabu

Mbale, 2 ga Yuni

Ɗana,

Shalom. Na yi shiru ne don kunya. Wata bakwai ina haɗa baƙaƙen, ma'ana ta ƙi fita. Malamarmu Shulamit ta duba ƙamus uku, ta ce, "Mama, wannan Ibranancin bai biyo ta makaranta ba."

Ranar Talata ina karantawa a bayyane ƙarƙashin mangwaro, sai Naula, wadda muke benci ɗaya, ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Kaka, sake faɗa a hankali. Ai Lugwere kike yi." Harshenmu ne, Eliyabu, ya dai rubuta shi da haruffan Attaura.

Ba addu'a ba ce. Ya rubuta ranar da akuya ta haihu. Ya rubuta cewa miyar gyaɗata gishiri ya yi mata yawa, shi da bai taɓa barin ko cokali ɗaya a kwano ba. Sannan sau uku da ya ce mini zai je asibiti, ashe Kampala ya je. Ya tsaya tsallaken titi yana kallon shagonka. Ya ga 'yarka Kataike tana koyon tafiya, riƙe da ƙafar wandonka. Ya ce goshin uwarsa ne da ita.

Shafuka shida na ƙarshe sunanka ne a samansu. Na rufe littafin. Naka ne.

Ana yaye mu sha biyu ga Disamba. In ka zo, na karanta maka.

Mahaifiyarka

Kampala, 11 ga Yuni

Mama,

Shalom. Za mu zo, mu uku. Amma kada ki karanta mini. Ki aiko mini da haruffan a takarda, manya-manya, da yadda ake furta kowanne. Wata shida zai ishe ni?

Ɗanki,
Eliyabu